Wayar Juma'a da Kujerar Baba Mukaila

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 17 ga watan Yuni, 2025, wadda ta yi daidai da 21 ga Zulhajji, 1446, da hantsi, Allah Ya yi wa Injiniya Silifat Abeni Oladokun rasuwa a gidanta da ke Ota, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunta hamsin da ɗaya. Labarin ya same ni a cikin aji, da alli a hannuna, ina zana wa ɗalibai abin da daga bakinta na fara jin bayaninsa. Na kasa ƙarasa zanen. Na sallami ɗalibai, na zauna a kan bencinsu.

Anti Silifat, tun daga ranar mutane ke ta yabonki, kuma galibinsu magana ɗaya suke yi: wai ke ce kika shigo da kwamfuta masana'antun Ota, kika sa injuna suna gyara kansu da kansu. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun bar babban abin a baya. Akwai wani ruɗani da kusan kowa yake ciki, har da ɗalibaina a shekararsu ta farko, har da ni kaina kafin in san ki. Mukan zaci gwanin inji shi ne wanda hannunsa ba ya sauka daga kan maɓalli: allurar ma'auni ta ɗan yi sama, ya murɗa, ta ɗan yi ƙasa, ya mayar. In muka ga mutum tsaye gaban inji ya harɗe hannuwa, sai mu ce rago ne. Wannan zaton ya kusa zubar da mutuncin wani dattijo a gaban idona, ke kika tare. Labarin da nake so in rubuta ke nan, don 'ya'yanki da ɗalibaina su san wace ce aka rasa.

A daminar shekarar 2009 ne, lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar wayar lantarki. Zaren jan ƙarfe yakan shiga bakin inji, injin ya narkar da roba ya yi masa riga, wayar ta bi ta cikin doguwar magudanar ruwan sanyi mai tsawon mita arba'in, sannan ta wuce ta gaban ma'auni a naɗe ta. Kaurin rigar nan bai kai milimita ɗaya ba. In ta yi siriri, wata rana gidan wani bawan Allah ya kama da wuta. In ta yi kauri, an yi ɓarnar roba. Aikina shi ne in yanko waya in auna, in rubuta abin da na gani.

Mai riƙe da babban injin shi ne Baba Mukaila Ajadi, mutumin Iwo, shekararsa ashirin da bakwai a kansa. Shi ke kiran salla a masallacin ma'aikata, shi ke sasanta mu in mun yi faɗa, kuma ba wanda ke wuce shi da safe bai kai ƙirji ƙasa ya gaishe shi ba. Ban taɓa ganin mai ƙwazo irinsa ba. Ko ruwa zai sha, hannu ɗaya na kan maɓalli. Amma wayarsa ce ta fi ta kowa lalacewa. Ni na sani, tunda ni ke aunawa. Shekara huɗu ina rubuta lambobin nan ina sunkuyar da kai, don ba ni da bakin da zan faɗa wa sa'an mahaifina cewa aikinsa ba ya kyau.

Sai dai akwai wani abu da dukanmu muka sani, muke kuma alfahari da shi. Duk ranar Juma'a, wayar da ta fito tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi takan yi kyau ƙwarai, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar an ja layi da rula. Muka sa mata suna wayar Juma'a. 'Yan kasuwar kayan lantarki ta Alaba ma sun ji labarinta, sukan ce a ware musu ita. Da na zo ja wutar lantarki a ɗakin mahaifiyata, ita na nema. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, domin a ganinmu dalilin a fili yake: sa'a ce mai albarka, muna masallaci muna addu'a, Allah kuma yana sa wa aikinmu albarka.

Manajanmu, Mista Fagbenro, mutum ne mai son aiki, amma da ido yake auna shi. Ya kwashe duk kujerun da ke ɗakin injuna. Yakan zaga da hannuwa a baya, duk wanda ya tarar hannunsa ba ya motsi, takardar tuhuma ce. Don haka kowa ya koyi murɗa maɓalli da zarar ya ji ƙarar takalminsa. Da ƙorafin masu saye ya yi yawa, sai ya duba littafina, ya ga inda ɓarna ta fi yawa. Bai iya ɗaga wa Baba murya ba, tunda Baba ya girme shi da shekara goma sha biyar. Sai ya rubuta masa takarda: ƙarshen wata zai bar aiki, bisa laifin ɓata kaya, za a kuma manna kwafinta a allon sanarwa kamar yadda ake yi wa kowa. Saura shekara biyu Baba ya yi ritaya. Ba rashin aikin ne ya dame shi ba. Kalmar nan ce, ɓata kaya, a bakin ƙofa inda yaran da ya raɗa wa 'ya'yansu suna za su tsaya su karanta.

A makon ne kika zo, an ɗauko ki ki kafa sabuwar na'urar da za ta riƙa sarrafa injin. Mun ji kin yi karatu a Ife, kin ƙaro a Jamus, mun kuma riga mun yanke cewa abincinmu kika zo ƙwacewa. Kafin ki kai tsakiyar ɗaki an raɗa miki suna Uwar Kwamfuta. Kika wuce kai tsaye wurin Baba, kika durƙusa da gwiwa biyu a kan daɓen da ya sha baƙin mai. Baba bai ko dube ki ba.

"Tashi, 'yata, kada zaninki ya ɓaci," in ji shi. "Na san abin da ya kawo ki. Ki bari wata ya ƙare, injin naki ne."

Ba ki buɗe akwatin na'urarki ba a makon farko. Ɗakina kika zo, kika ce in ba ki littattafan awo na shekara huɗu. Kika haɗa takardu da gam har suka kai tsawon bango, kika ɗiga kowane awo a wurinsa. Ni na rubuta lambobin nan da hannuna, amma ban taɓa ganin fuskarsu ba sai ranar. Layin yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, sai ya zo wani wuri ya kwanta lamo, sannan ya sake tashi. Kika ɗora yatsa a kan wuraren da ya kwanta, kika tambaye ni mene ne wannan. Na ba ki labarin wayar Juma'a da ƙwarin gwiwa. Ba ki yi dariya ba.

"Albarkar Juma'a gaskiya ce, Saburi," kika ce. "Amma Allah yakan yi abu da sababi. Sababin nake nema. Wa ake barin wa injin in kun tafi masallaci?"

Bankole ake bar wa, wani magidanci Kirista daga sashen ɗaure kaya. Muka iske shi a rumfar Iya Ramota yana fama da amala da miyar ewedu. Da ya ji tambayar sai ya lashe yatsa, ya juya ga sauran ma'aikata.

"Kun ji ko? Shekara nawa ina gaya muku? Ku kuna can kuna ta dungura goshi, ni ke tsaye a wurin. Albarkar tawa ce! Daga yau a ce wayar Bankole."

"Rufe mana baki, sarkin ci," in ji wani. "Kai da ko sunan maɓallan ba ka sani ba."

"To ina zan sani? Baba ya ce in na taɓa ko ɗaya sai ya guntule mini yatsa. Anti, gyaɗata kawai nake ci, ina kallo kada waya ta tsinke."

Kowa ya yi dariya, ban da ke. Ranar Juma'a kika zauna tare da Bankole awa ɗaya da rabi, kika ci gyaɗarsa, kika ga allura tana ɗan rawa hagu da dama ba wanda ya kula ta, waya kuma tana fita sumul. Da muka dawo daga masallaci na tarar da ke a ɗakin gwaji kin yi tagumi. Na zaci za ki yi murna, tunda kin gano abin da ya gagari kowa. Sai kika ce mini, in kin tashi a gaban taro kika ce hannun Baba ne ke ɓata waya, kin tabbatar da abin da takardar ta faɗa ke nan, kin kuma ƙara masa da cewa mai cin gyaɗa ya fi shi iya aiki. Kika ce gaskiyar tana hannunki, hanyar da za ta shiga kunnen dattijo ba tare da ta karya shi ba ita ce ba ki samu ba tukuna.

Kwana uku kika yi kina neman hanyar. Ranar Litinin da azahar, da matasa suka fita cin abinci, kika zo da ɗan gwangwanin farin fenti. Ni kaɗai ke kusa, ina yankar waya.

"Baba, ku taimake ni. Ina so in san tsawon tafiyar wayar nan, ga shi ni ban iya ƙirga da tafiya a lokaci ɗaya ba. Ku raka ni, ku riƙa ƙirga mini."

Kika ɗiga fenti a jikin wayar daidai inda take fitowa daga bakin inji. Kuka bi ɗigon nan a gefen magudana, dattijo da 'yarsa, yana ƙirgawa a fili, kuna ɗan sassarfa. Da ɗigon ya iso gaban ma'auni, Baba ya kai arba'in. Kika tsaya kina kallon allurar, shi ma yana kallo. Ya waiga ya hango maɓallinsa can nesa, ya sake duban allurar. Na ga lokacin da abin ya shige shi, don sai da ya dafa ƙarfen magudanar.

Abin da ya gani shi ne wannan. Wayar da allura ke ba shi labarinta ta bar bakin inji tun sakan arba'in da suka wuce. In ya murɗa maɓalli, ba zai ga sakamako ba sai bayan wasu arba'in ɗin. Shi kuwa da ya murɗa ya ga allura ba ta motsa ba, sai ya ƙara, ya kuma ƙara. Can sai duk murɗin su iso a tare, allura ta zarce, ya koma yana ragewa da sauri, ta sake zarcewa ta ɗaya gefen. Mai ƙwazo ya fi kowa murɗawa, don haka ya fi kowa ɓarna.

Baba ya juyo gare ki ya ce, "Ashe shekara ashirin da bakwai ƙane nake duka a kan laifin wansa."

"Ba ku kaɗai ba ne, Baba," kika ce. "Haka aka koya wa kowa. Wanda ya kafa ma'aunin a can nesa bai gaya wa kowa ba."

A ranar kika koya mana abin da har yau da shi nake buɗe darasi. Kowane inji yana da 'yar rawarsa ta halitta, wadda ba ta da wani dalili guda da za a kama. In ka bi ta da gyara, ƙara ta kake yi. Akwai kuma sauyi na gaske mai dalili, wanda dole a tashi a kansa. Gwaninta ita ce rarrabe su. Daga awon wayar Juma'a kika yi lissafi, kika ja layi biyu ja a fuskar ma'auni, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Muddin allura tana tsakaninsu, ba mai taɓa komai.

Sannan kika shiga ofishin Mista Fagbenro kika rufe ƙofa. Ban san duk abin da kuka faɗa ba. Na dai san kin gaya masa, cikin ladabi, cewa takalminsa na cikin abubuwan da ke ɓata waya. Kika roƙi yini ɗaya na gwaji, da kujera ɗaya. Ya yarda bisa sharaɗi: Baba zai zauna daga safe har la'asar, ba zai taɓa maɓalli ba sai allura ta tsallake jan layi. In waya ta yi kyau, zai sake duba takardar. In Baba ya karya sharaɗi, magana ta ƙare.

Ranar Laraba ce, saura kwana biyu wata ya ƙare, an kwana ana ruwa. Aka kawo kujera aka ajiye gaban injin, abin da ba a gani ba shekara shida. Baba ya zauna, ya cusa hannuwansa a hammata kamar mai jin sanyi. Duk sanda allura ta motsa sai in ga kafaɗarsa ta zabura, ya danne. Kowane rabin awa nakan yanko waya in auna. Anti, ban taɓa ganin irin lambobin nan ranar Laraba ba. Har azahar ba ko ɗaya da ta kauce. Ma'aikata suka riƙa ƙirƙiro dalilin wucewa ta wurin. Bankole ya leƙo ya ce, "Baba, in kawo muku gyaɗa?" Baba ya harare shi, aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Wajen ƙarfe uku, Mista Fagbenro yana tsaye, ke kina gefensa, allura tana zaune daram a tsakiya, sai Baba ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Ya miƙe. Ya kai hannu ya murɗa maɓalli, murɗi mai yawa, sau ɗaya. Ya koma ya zauna.

Allura ba ta kusanci jan layi ba, kowa ya gani. Mista Fagbenro ya girgiza kai, ya ce, "Injiniya, kin gani da idonki. Hali ne, ba ya barinsa." Ya juya zai tafi. Na dubi fuskarki, na ga ke ma ba ki san dalili ba. Kina iya yin shiru a lokacin, ba wanda zai zarge ki. Amma kika ce, "Yallaɓai, ku ba ni sakan arba'in." Kin riga kin fara ƙirgawa tun lokacin da hannun Baba ya taɓa maɓallin, sai kika ɗaga murya. Ashirin. Ashirin da biyar. Talatin. Allura ba ta motsa ba.

A talatin da huɗu ta faɗi. Ba ɗan motsi ba, faɗuwa ta yi, ta tsallake jan layin ƙasa ta wuce, ƙararrawa ta ɗauka. Wani ya yi salati. Kika ci gaba da ƙirga. A arba'in daidai allurar ta ɗago, ta koma tsakiya, ta zauna.

Sakan shida kacal allurar ta yi a ƙasa. Iyakar lokacin da dattijo ya ɗauka ya ji, ya tashi daga kujera, ya kai hannu. Da ya bi sharaɗi ya jira allura, da mita arba'in na waya mai siririyar riga sun riga sun wuce kafin kowa ya sani, wasu kuma na biye. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutum ya gyara ɓarnar da ma'auni bai riga ya gani ba.

Kika sake durƙusawa a gabansa, wannan karon a gaban kowa. "Baba, me kuka ji?"

"Muryar injin ce ta yi laushi," in ji shi. "Buhun robar da yaran nan suka juye yanzu ya sha iskar damina. In ta yi haka, riga za ta yi siriri. Kullum ina ji. Da can dai ina haɗa shi da sauran murɗe-murɗen banza ne."

Kika miƙe kika fuskanci manaja, kika ce na'urar da kika zo da ita ta iya jira, ta iya lissafi, amma kurma ce. In aka sallami wannan dattijo, kunnenta aka sallama. Mista Fagbenro ya matso, ya ɗan rusuna, ya ce, "Baba, takardar nan da na ba ku, ku dawo mini da ita. Akwai kuskuren rubutu a ciki." Baba ya zaro ta daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu. Ba a sake ganinta ba.

Wata bakwai kika yi kina bin Baba da littafi. Duk abin da ya ce yana ji, sai kin nemo abin da za a auna a madadinsa: ƙarfin wutar da injin ke ja, matsin narkakkiyar roba, zafin ruwan magudana. Kika sa wa kwamfutar kwatankwacin injin a cikinta, yadda a kowane sakan takan yi lissafi sau goma ta hango abin da zai iso gaban ma'auni nan da sakan arba'in, ta gyara tun daga tushe, sannan ta yi haƙuri ta jira. A fuskar na'urar, sashen da ke sauraron injin kika rubuta masa suna Kunnen Baba. An gaya mini har yau haka yake.

Daga nan duniyar aikin nan ta yi ta gudu, kina gaba muna biye. Kin kawo ma'aunin haske mai auna waya tun tana da zafi a bakin inji. Kin kafa ƙananan na'urori masu jin karkarwar ƙarfe, waɗanda kan faɗi cewa wani sashe zai lalace tun saura mako uku. Na ga kyamarar da kika sa a masana'antar kwalabe tana tsamo mai tsaga ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ke wucewa a minti guda, tsagar da ba ta kai silin gashi ba. Nakan tsaya gaban waɗannan abubuwa in ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Amma duk masana'antar da kika shiga, ta biskit ko ta tayil ko ta sabulu, tambayarki ta farko ba ta sauya ba: wa ya fi kowa daɗewa a kan injin nan, a kai ni in gaishe shi.

Ke kika ce mini in bar ɗakin gwaji in koma makaranta, wai kin lura in ina yi wa sababbin ma'aikata bayani fuskata takan sauya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa, kuma ba shekarar da ba ki karɓi ɗalibaina koyon aiki ba. Da kika ga ana mayar da 'yan mata gida saboda babu takalmin kariya daidai ƙafarsu, kika sayo ƙanana kika cika kabad a ofishinki, ba ki gaya wa kowa ba. Da matar Bankole ta kwanta ciwo, ke kika riƙa kai ta asibiti a motarki. Ko a jinyarki ta ƙarshe, da na kai miki ɗalibai huɗu dubiya, kika nuna musu ledar ƙarin ruwan da ke rataye a kanki, kika ce su faɗa miki mene ne ake aunawa a nan, wa ke gyarawa, kuma bayan minti nawa ake ganin sakamako. Malamar jinya ta ce a bar ki ki huta. Kika ce hutawar ke nan.

Baba Mukaila ya yi ritaya a 2011. An yi masa anko, an kira makaɗa, Mista Fagbenro ne ya fara yi masa liƙi. Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Da ya ji rasuwarki ya hau mota daga Iwo a take, ya iso ana gab da yi miki salla bayan la'asar. Da aka gama rufe ki, ya riƙe hannuna muka koma gefe, ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce tun ranar da aka ba shi takardar nan ya ɗaure kayansa a ɓoye, ko matarsa ba ta sani ba. Niyyarsa, kafin a manna ta a allo, ya bar Ota, kuma ba Iwo zai nufa ba, don ba zai iya shiga gidan mahaifinsa da wannan suna ba. Wani gari zai tafi inda ba a san shi ba, ya ƙare rayuwarsa a can.

"Yau ni ne babba a gidanmu, Saburi," ya ce. "Jikokina goma sha tara, ni ake kawo wa shawara. Yarinyar nan ce ta mayar da ni gida. Ni ya kamata ta raka, sai ga shi ni na rako ta."

Ya Allah, ga baiwarKa Silifat ta zo gare Ka. Ta rufa asirin dattijo a ranar da tona shi ya fi sauƙi, Ka rufa mata asiri a ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ta yi ta zama kankarar zunubi, ilimin da ta bari ya zama sadaka mai gudana. Gidajen da ba su ƙone ba saboda aikinta, waɗanda masu su ba su ma san sunanta ba, Ka sa su a mizaninta. Ka sada ta da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, Alhaji Ganiyu Oladokun, da 'ya'yanta Toyib da Mosunmola da Barakat, da mahaifiyarta Alhaja Nimota da ke Ede, da Baba Mukaila, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban inji tare da ita. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ku kuma ɗalibaina, da duk matashin da ya karanta wannan, kada ku tsaya a kan maganata. Ku samo faranti ku baza yashi a ciki, ku yi alama a tsakiya. Ku riƙe mazurari a sama daidai alamar, ku saki ƙwayar wake ta cikinsa sau talatin ba tare da kun motsa shi ba, kuna lura da inda kowace ta sauka. Sannan ku share yashin ku sake, amma wannan karon duk sanda ƙwaya ta kauce, ku matsar da mazurarin ɗaya gefen gwargwadon yadda ta kauce, don ku gyara. Ku auna faɗin warwatsuwar farko da ta biyu. In kun ga abin da ya fito, ku ɗaga hannuwan nan biyu da kuka yi gyaran da su, ku roƙa mata gafara.